Abin Da Ke Sa Rile Ya Maƙale A Layin Jirgin Wasa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abin sha'awa wanda manya suka fi yara ƙwazo a kansa, watau ginin ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Mutum yakan keɓe ɗaki guda a gidansa, ya kafa faffaɗan tebur, ya shimfiɗa siririn layin dogo a kai, ya gina tashoshi da gadoji da tsaunuka, sa'an nan ya saki 'yan jirage masu tafiya da lantarki su yi ta kai da kawowa. A ma'aunin da aka fi yayi, wanda suke kira HO, ana rage girman kowane abu sau 87, har ya zama faɗin da ke tsakanin ƙarfen dogo biyu milimita 16.5 ne kacal. Waɗansu kuwa sukan haɗu su kafa ƙungiya, su yi shekara da shekaru suna ginin layi guda.

Baƙon da ya zo kallo, abin da ke kan tebur shi yake gani. Amma masu abin sun san ainihin aikin yana ƙarƙashi, inda ɗaruruwan wayoyi suke sarƙe da juna. A cikinsu akwai wani ɗan makunni da ake kira rile, irin wanda makanikai suka sani a jikin odar mota da fitilunta. Shi ne yake sa sigina ta nuna ja ko kore, shi ne kuma yake yanke wa jirgi wuta idan akwai wani a gabansa. Ran da rile ɗaya ya maƙale, ya ƙi saki, sai sigina ta tsaya a kore, jirgi ya afka wa ɗan'uwansa. A kan tebur hasarar ba ta wuce ta kuɗi da ɓacin rai. Amma wannan aibi, da hanyar da ake bi a gano shi, su ne dai injiniyoyi suke fama da su a layin dogo na gaske, inda rayukan jama'a suke.

'Yan Ƙarƙashin Tebur

Babu inda aka fi sanin wannan aiki kamar a babbar makarantar fasaha ta jihar Masacusets a Amurka, wadda aka fi sani da MIT. A cikin shekarar 1946 waɗansu ɗalibanta suka kafa ƙungiyar ginin jirgin wasa mai suna Tech Model Railroad Club, suka sami ɗaki a wani ginin katako na wucin gadi wanda aka gina lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana kiransa Gini na 20. 'Yan ƙungiyar sun kasu biyu. Kashi ɗaya masu sassaƙa ne da fenti, su ke gina gidaje da taragu. Ɗaya kashin kuwa, masu kula da sigina da lantarki, kusan kullum suna kwance rigingine a ƙarƙashin tebur.

Kayan aikinsu na gidan waya ne, domin a wancan zamani da rile ake haɗa masu buga tarho, kuma kamfanin Western Electric, mai ƙera kayan tarho, yakan ba makarantu kyautar irinsu. Ya zuwa 1962 rile wajen 1,200 ne suke tafi da layin, har da faifan juya lambar tarho ake zaɓar jirgin da za a tuƙa. Sun kuma kafa makunnan gaggawa a wurare da dama na ɗakin, domin duk wanda ya hango karo zai auku ya danna, kome ya tsaya cak. Daga cikin waɗannan samari ne aka sami irin su Alan Kotok da Peter Samson, waɗanda suka koma kan kwamfutocin farko na makarantar, suka yi suna a wannan fage. Abin da suka koya a ƙarƙashin tebur, watau bin waya ɗaya bayan ɗaya har a kamo inda ɓarna take, shi suka tafi da shi can.

Yadda Rile Yake Aiki

Rile tsohon abu ne. Ana danganta asalinsa da wani masani Ba'amurke, Joseph Henry, a wajejen 1835, kuma a wayar tangaraho ya fara amfani. Ƙirarsa ba ta da wuya. Akwai sandar ƙarfe wadda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wannan shi ne kwayil. Kusa da kan sandar akwai wani ɗan harshen ƙarfe mai motsi, wanda sifirin yake riƙe da shi nesa kaɗan. A jikin harshen kuma akwai 'yan bakunan haɗi na azurfa ko gaurayenta. Idan wuta ta shiga kwayil, sandar ta zama maganaɗisu, sai ta fizgo harshen, bakunan su haɗu, wata wutar dabam ta sami hanyar wucewa. Idan an ɗauke wutar kwayil, maganaɗisun ya tafi, sifirin ya mai da harshen mazauninsa, hanya ta yanke. Ke nan ƙaramar wuta ce take buɗe wa babba ƙofa, ta kuma rufe.

A layin wasa akan yanka dogo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da nata rile. Da yake ta cikin ƙarfen dogon ne jirgin yake shan wutarsa, mai ƙarfin bolt 12 ko sama kaɗan, watau kusan daidai da batirin mota, akan sa wata 'yar na'ura mai jin ko ana jan wuta a gunduwar. Da zarar kan jirgi ya shiga, na'urar ta ji, sai ta motsa rile, sigina ta baya ta koma ja, a yanke wa gunduwar baya wuta. Har taragu akan maƙala wa ɗan abin rage wuta a tsakanin ƙafafunsu domin su ma a ji su. Wani rile kuma aikinsa juya mararraba, inda layi ya rabu biyu.

Tambayar Farko

Idan an ce rile ya maƙale, ana nufin ya kama ya ƙi saki a lokacin da ya kamata ya saki. Abin da sabon shiga yakan yi shi ne ya cire shi ya jefar, ya sa sabo. Sau da yawa bayan kwana biyu sabon ma sai ya bi sawun tsohon. Ƙwararru ba su yin haka, domin sun san ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tambayar da suke fara yi ita ce: shin rile ne ya liƙe da kansa, ko kuwa wata wuta ce take riƙe da shi?

Amsar ba ta cin minti biyu. Yayin da aibin yake nan, kafin a taɓa kome, sai a ɗora mita a kan ƙafafun kwayil biyu a ga ko akwai wuta. Sa'an nan a cire waya ɗaya ta kwayil. Idan an ji ƙas, harshe ya koma, to rile lafiyarsa ƙalau, umurnin da aka ba shi yake bi, sai a nemi mai ba da umurnin. Idan kuwa an cire waya amma yana nan a kame, to ciwon a jikinsa yake. Wannan gwaji guda ya raba aikin gida biyu, kuma duk wanda ya tsallake shi zai kwana yana lalube cikin duhu. Abin kula shi ne kada a fara da ƙwanƙwasa rile ko kashe wuta baki ɗaya, domin yin haka yakan kori aibin na ɗan lokaci, a rasa shaidar da za a bi.

Idan Wuta Ce Ke Riƙe Da Shi

Akwai wata ɗabi'a ta rile wadda take ruɗin mutane da yawa. Wutar da yake bukata ya kama ta fi wadda yake bukata ya ci gaba da riƙo nesa ba kusa ba. Masu ƙera shi sukan rubuta cewa na bolt 12 zai kama idan wuta ta kai wajen bolt 9, amma ba su ba da tabbacin zai saki sai ta sauka zuwa wajen bolt ɗaya da ɗoriya. Dalili kuwa shi ne, da zarar harshe ya manne da sanda, tazarar da ke tsakaninsu ta kusa ƙarewa, ɗan maganaɗisu kaɗan ya isa ya riƙe shi. Saboda haka idan mita ta nuna bolt 3 a kan kwayil, kada a ce ai wannan ba kome ba ne. Ba zai iya jawo harshe ba, amma zai iya hana shi komawa.

Daga ina wannan ragowar wuta take fitowa? Wuri na farko da ake dubawa shi ne taransistar da ke kunna kwayil. Duk lokacin da aka yanke wa kwayil wuta farat ɗaya, yakan yi tukuici da wata wuta mai ƙarfi wadda take komawa baya, ninkin-ba-ninkin wadda aka ba shi. Domin haka ne ake gicciya masa dayod, watau ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, ya shanye wannan tukuici. Idan an manta da dayod, ko dalmarsa ta saki, taransista takan ƙone, kuma sau da yawa idan ta ƙone a buɗe take barin hanya, wuta ta yi ta zuba cikin kwayil ba yankewa.

Wuri na biyu shi ne dogon kansa. Masu wannan aiki sukan zuba 'yar tsakuwa a tsakanin dogo, su manne ta da gam ɗin da aka sirka da ruwa. Muddin bai bushe sarai ba, danshin yakan ɗauki wuta kaɗan daga wannan ƙarfe zuwa wancan, na'urar ji ta zaci jirgi ne. Haka kuma guntun waya ko ɗan ƙusa da ya faɗa tsakanin dogo, ko tarago mai fitila da aka manta da shi a ƙarshen gunduwa, ko 'yar tsagar da ta raba gunduwa biyu ta rufe saboda ƙarfe ya miƙe da zafi. Wuri na uku shi ne wayoyin ƙarƙashin tebur: ɗigon dalma da ya haɗa ƙafa biyu, ko tsohuwar waya da aka daina amfani da ita aka bar bakinta tsirara yana reto. Hanyar kamun ɓarawon ɗaya ce, a riƙa cire waya ɗaya ɗaya, ana duban mita, ana rubuta abin da aka cire, har wutar ta ɓace.

Idan Ciwon A Jikinsa Yake

In an tabbata babu wuta a kwayil, sai a cire filogi daga bango, a buɗe murfin rile idan mai buɗuwa ne, a duba da gilashin ƙara gani. Abu uku ne ake zato.

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, bakunan haɗi ne suka yi wa kansu walda. Duk lokacin da suka haɗu ko suka rabu, tartsatsi yakan tashi. Idan wutar da ke wucewa ta fi ƙarfinsu, tartsatsin yakan narka fuskar azurfar, su manne. A layin wasa babban mai jawo wannan shi ne injin juya mararraba, wanda yake zuƙar wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, musamman idan an haɗa masa kwandensa mai tara wuta ta sake ta gaba ɗaya. Ƙwan fitila mai zare shi ma, yayin da yake da sanyi, yakan ja kusan ninki goma na wutar da yake ci bayan ya kama. Haka kuma idan jirgi ya shiga mararrabar da aka juya wa wani gefe, ƙafarsa ta haɗa ƙarfe biyu, duk wutar layin sai ta bi ta cikin waɗannan 'yan bakuna. Alamar walda ita ce idan an ɗan buga rile da ƙotar sukudireba sai ya saki, bakunan kuma a gan su baƙi, da rami a ɗaya da ƙuraje a ɗaya. Wannan aibi yana da ƙarin haɗari, domin injin mararraba ba a yi shi don ya riƙe wuta ba. Idan ta daɗe a cikinsa zai yi zafi ya narke, alhali kuwa a jikin katako yake.

Na biyu, ragowar maganaɗisu. Ƙarfe ba ya sakin maganaɗisu duka bayan an ɗauke wuta. Domin haka masu ƙira sukan dasa ɗan ƙusa ko sukurun tagulla a jikin harshe, ya hana shi manne wa sanda ƙarfe da ƙarfe. Irin rile na gidan wayar Ingila mai lamba 3000, wanda masu jirgin wasa na can suka yi ta saye gwanjo, yana da wannan ƙusa. Idan ya cinye saboda tsufa, sai a ga bakuna fes, amma harshe yana nawar saki ko ya ƙi sam. Akan gwada da siririyar takarda a tsakanin harshe da sanda. In ya koma saki da sauri, an gano ciwon.

Na uku, datti. Ƙura, da tsohon mai da ya daskare, da burbushin ƙarfe wanda maganaɗisu ya jawo, duk sukan cushe maƙalar harshe har sifirin ya gaza. Kome ƙanƙantar abu yana iya tsai da rile, kuma tarihin kwamfuta ya adana misali. Ran 9 ga Satumba 1947, masu aiki da babbar na'urar lissafi ta Jami'ar Harvard mai suna Mark II, wadda ita ma da rile take aiki, suka tarar da ƙwaron fitila a cikin rile mai lamba 70. Suka cire shi, suka manna shi a littafin aiki, kuma littafin yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton.

Wajen gyara, ba a sa wa rile mai, domin mai ƙura yake tarawa. Ba a kuma goga bakunansa da sanfefa, domin takan kankare azurfar ta bar yashi. Tsiri na farin kati mai tsabta, da ɗan sifirit, a ja shi a tsakanin bakuna, ya wadatar. Irin na zamani da aka rufe ruf cikin roba ba ya gyaruwa, sai canji. Amma kafin a canza, tilas a kau da abin da ya kashe na farko: a sa wanda ya fi ƙarfin wutar, ko a bar ƙaramin ya riƙa kunna babba, a kuma sa abin kashe tartsatsi a jikin injin da ake kunnawa.

A Layin Gaskiya

Abin da ya sa wannan magana ta wuce wasa shi ne, jiragen ƙasa na gaske ma a kan rile amincinsu ya daɗe yana dogara. A cikin 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya yi rajistar wata dabara wadda har yanzu ake amfani da ita. Akan sa batir a wannan ƙarshen gunduwar dogo, rile a wancan ƙarshen, wuta tana bin ƙarfen dogon tana riƙe da rile a kame muddin babu jirgi. Da jirgi ya shiga, ƙafafunsa na ƙarfe su haɗa dogo biyu, wuta ta yanke hanya, rile ya saki, sigina ta koma ja. Hikimar ita ce, idan batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko dogo ya karye, rile zai saki, jirage su tsaya. Aibin da ya sa rile ya saki jinkiri kawai yake jawowa. Aibin da ya hana shi saki shi ne mai kisa, domin zai ce hanya a buɗe take alhali jirgi yana kai.

Saboda haka ne ake yi wa rile na reluwe ƙira ta musamman. Bakin haɗi ɗaya azurfa ne, ɗayan kuwa gawayi ne mai gauraye da azurfa, domin gawayi ba ya kama walda. A tsofaffin ƙira nauyin harshen kansa ne yake faɗo da shi, ba a dogara ga sifirin kaɗai ba. Akan kuma rufe shi cikin akwati mai gani har hanji, a buga masa hatimi don kada kowa ya taɓa.

Duk da haka, ƙira ba ta maganin sakaci. Da safiyar 12 ga Disamba 1988, kusa da mahaɗar Clapham a kudancin Landan, wani jirgin fasinja da ya taso daga Basingstoke ya tsaya a kan layi. Siginar da ke bayansa ba ta nuna ja ba. Jirgin da ya taso daga Bournemouth ya zo ya afka masa ta baya, wani na uku kuma, wanda ba fasinja a cikinsa, ya zo ta ɗaya layin ya daki tarkacen. Mutum 35 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni. Kwamitin bincike a ƙarƙashin lauya Anthony Hidden, wanda ya ba da rahotonsa a 1989, ya gano cewa rile ɗin bai lalace ba. Ana cikin aikin sabunta sigina ne wani ma'aikaci ya cire bakin wata tsohuwar waya, bai datse ta ba, bai naɗe ta ba, ɗaya bakin kuma yana nan haɗe da wuta. Daga baya wayar ta gusa ta taɓa ƙafar rile, ta riƙa ba shi wutar da ta hana shi saki. Binciken ya nuna ma'aikacin ya yi mako 13 yana aiki kwana bakwai bakwai, kuma babu wani mutum dabam da ya zo ya ƙirga wayoyin bayan ya gama, kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

Wannan shi ne dai aibin nan na tsohuwar waya mai reto a ƙarƙashin tebur, babu bambanci sai na girman hasara. Da za a cire wancan rile a sa sabo fil, da shi ma haka zai yi.

Ƙungiyar ɗaliban MIT ta bar Gini na 20 kafin a rushe shi a 1998, kuma a sabon mazauninta ta koma tafi da layinta da na'urorin zamani masu aiki da kwamfuta. Masu jirgin wasa da yawa su ma sun koma wa tsarin aika umurni ga kowane kan jirgi ta cikin dogo. Amma rile bai ɓace ba, yana nan a mararraba da sigina, a mota da firji da injin ba da wuta. Ɗalibin fasaha da ya saba tun yana kan tebur da auna kwayil kafin ya zargi rile, da datse duk wayar da ya daina amfani da ita, da rubuta abin da ya taɓa, da kiran wani ya duba masa aikinsa, ba zai ji nauyin yin haka ba ran da aka damƙa masa ɗakin sigina na gaske. Masu iya magana sun ce kada a raina allura, ƙarfe ce.